Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kayan Gahawa na Azurfa Ƙirar Amurka

Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1940, gidajen masu hali a Amurka sun ɗauki saitin gahawa da shayi na azurfa a matsayin kayan alfarma da ake ba amarya, a riƙa fito da su idan an yi manyan baƙi, daga bisani 'ya'ya da jikoki su gada. Abu biyu ne suka yawaita irin waɗannan kaya. A 1842 gwamnatin ƙasar ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan azurfar da ake shigowa da su daga waje, wanda ya buɗe wa maƙeran gida kasuwa, sannan a 1859 aka gano babbar ma'adinar azurfa ta Comstock a Nevada, azurfa ta wadata a hannun kamfanoni. A yau kayan suna fitowa a wuraren gwanjo da shagunan kayan da, da shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma a cikinsu akwai na gaske, akwai masu ruwan azurfa kawai, akwai kuma waɗanda aka harhaɗo daga gidaje daban-daban aka jera su kamar 'yan ɗaki ɗaya. Kusan duk abin da zai raba wa mai saye gardama yana rubuce a gindin kowane kwano da kowace buta, in dai ya san yadda zai karanta shi.

Kafin a taɓa komai, a tanadi gilashin ƙara girma irin na masu sayar da gwal, da sikeli mai auna giram, da ƙaramar tocila, da ƙyalle mai laushi da za a shimfiɗa a kan tebur domin kada kayan su karce. Idan ta intanet ake ciniki, a nemi mai sayarwa ya turo hoton gindin kowane yanki daban, a kusa kuma cikin haske, tare da nauyin kowanne. Wanda ya turo hoton gindin buta ɗaya ya ce sauran ma haka suke, bai amsa tambayar ba.

Mataki na farko: a san abin da ke cikin saitin

Cikakken saiti yakan ƙunshi butar gahawa, wadda ita ce mai tsawo da siririn jiki, da butar shayi wadda ta fi ta gajarta da faɗin ciki, da kwanon sukari mai murfi, da 'yar butar madara, da wani buɗaɗɗen kwano marar murfi wanda ake juye ragowar abin sha a ciki kafin a sake cika kofi. Manyan saituna suna da ƙarin butar ruwan zafi da ke zaune a kan mazauninta, da ɗan murhu a ƙarƙashi, sai kuma babban tire mai mariƙi biyu. Akwai kuma ƙaramin saiti mai guda uku na gahawar bayan cin abincin dare, wanda butarsa ke da dogon wuya da siririn baki irin na Turkiyya, kuma ya yi tashe daga wajen 1880.

Maganar tire tana buƙatar kulawa tun daga nan. Sau da yawa butoci da kwanoni azurfa ce ta gaske, amma tiren mai ruwan azurfa ne, domin tiren azurfa zalla kan kai nauyin sauran kayan gaba ɗaya, kuma ba kowane mai saye ne ya iya biyan kuɗinsa ba tun a wancan lokacin. Wannan ba algus ba ne matuƙar an faɗa, sai dai bai kamata a biya kuɗin azurfa a kansa ba.

Mataki na biyu: a tabbatar da ƙarfen

Azurfar da ake kira STERLING tana da kashi 925 cikin 1000 na azurfa zalla, sauran kuma galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa domin ta yi ƙwari. A juya kowane yanki a nemi wannan kalma, ko lambar 925, ko 925/1000. Amurka ta bambanta da Ingila a nan, domin ba ta da ofishin gwamnati na ƙasa da ke gwada azurfa ya buga mata hatimi. Maƙerin ne da kansa yake buga shaidarsa. Birnin Baltimore kaɗai ya taɓa gudanar da irin wannan ofishi, daga 1814 zuwa 1830. Sai a 1906 aka yi dokar tarayya da ta haramta buga shaidar ƙarya a kan zinari da azurfa, don haka ingancin shaidar da ta girmi wannan shekara ya rataya ne ga mutuncin kamfanin da ya buga ta.

Rashin ganin kalmar STERLING ba ya nufin kayan ba azurfa ba ne. Kafin wajen 1860 yawancin maƙeran Amurka suna aiki ne da azurfa mai kashi 900 cikin 1000, daidai da ta kuɗin ƙasar, kuma da yawa daga cikinsu kuɗin suke narkawa, kamar yadda maƙeran fari a ƙasar Hausa suka daɗe suna narka tsofaffin kuɗin azurfa su ƙera mundaye da zobba. Irin waɗannan kaya sukan zo da kalmar COIN, ko PURE COIN, ko DOLLAR, ko STANDARD, wani lokaci kuma sunan maƙerin kawai za a gani. Duk da cewa azurfarsu ta ɗan gaza, tsufansu da aikin hannun da ke jikinsu kan sa su fi na baya daraja.

Kalmomin da ke nuna ruwan azurfa ne kawai aka shafa a kan wani ƙarfe su ne EPNS, da EPBM, da EP, da TRIPLE PLATE, da QUADRUPLE PLATE, da SILVER SOLDERED. Su kuwa NICKEL SILVER da GERMAN SILVER ba su da ko ɗigon azurfa, sunan kawai suka ara. A kuma lura da kalmar WEIGHTED ko REINFORCED, wadda ke nuna cewa siririyar fatar azurfa ce aka cika ta da siminti ko wani abu mai nauyi. An fi ganin haka a ƙananan kwanonin sukari da butocin madara masu araha.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma kuma ba ya kama jan ƙarfe da yawancin ƙarafan da ake shafa wa ruwan azurfa, saboda haka gwajinsa ba ya tabbatar da komai. Abin da ya fi amfani shi ne a duba wuraren da hannu da ƙyalle suka fi gogewa, wato gefen murfi, da ƙafafu, da tudun ado. Idan launin ja ko rawaya ko toka-toka yana leƙowa ta nan, an ga ƙarfen da ke ƙasa. Kada a yarda wani ya kankare jikin buta ya ɗiga mata asid, domin tabon ba ya fita ba tare da an ci ƙarfen ba.

Mataki na uku: a karanta tambarin maƙeri

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan ne ya fi daɗi. Kamfanoni huɗu ne mai saye zai fi cin karo da su a cikin manyan saituna, kuma kowanne yana da hanyarsa ta nuna zamani.

Gorham ya samo asali ne a birnin Providence na jihar Rhode Island a 1831, daga shagon Jabez Gorham, kuma ɗansa John Gorham ne ya mayar da shi babbar masana'anta mai aiki da injuna. Tambarinsa alamu uku ne a jere: zaki, da anka ta jirgin ruwa, da harafin G. Wannan tambari yakan rikita mutane su ɗauka kayan Ingila ne, domin zaki shi ne shaidar azurfa a can, anka kuma alamar birnin Birmingham ce, amma kalmar STERLING da ke ƙasa tana warware zancen. Kamfanin ya koma ma'aunin 925 a 1868, kuma a wannan shekarar ya fara buga harafin shekara a kan butoci da kwanoni: A na nufin 1868, B na nufin 1869, haka har zuwa Q a 1884. Wato butar da ke ɗauke da M an ƙera ta a 1880. Daga 1885 zuwa 1933 ya riƙa amfani da ƙananan hotuna, kowace shekara da nata, kuma jadawalinsu yana da sauƙin samu. Wanda ya ga kalmar Martelé a gindin kayan Gorham ya tsaya ya natsu, domin wannan aikin guduma ne na hannu zalla da aka fara a ƙarshen shekarun 1890 a ƙarƙashin William C. Codman, da azurfa mai kashi 950 zuwa sama, kuma yana cikin mafi tsadar abin da kamfanin ya taɓa fitarwa.

Tiffany & Co. na birnin New York, wanda aka kafa a 1837, ya rungumi ma'aunin 925 tun farkon shekarun 1850, kafin yawancin takwarorinsa. A cikakken tambarinsa za a ga sunan kamfanin, da kalmar MAKERS da lambobi biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, sannan STERLING SILVER, da harafi guda. Lambar hagu ita ce lambar zane, ta dama kuma lambar oda ce. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar lambar zane a matsayin shekarar ƙira, alhali ita tana nuna lokacin da aka fara zana siffar ne kawai, kuma ana iya ci gaba da ƙera siffa ɗaya shekaru da dama. Harafin shi ne ke nuna zamani, domin farkon sunan wanda ke jagoranci ne a lokacin. Babban M na zamanin Edward C. Moore ne, wanda ya rasu a 1891. T na Charles L. Tiffany ne daga 1891 zuwa 1902; C na Charles T. Cook ne daga 1902 zuwa 1907. Ƙaramin m kuma na John C. Moore na biyu ne daga 1907 zuwa 1947. A ganina kayan zamanin Edward Moore, musamman waɗanda aka yi cikin salon Japan da jiki mai sawun guduma da ƙwari da ganyaye na jan ƙarfe manne a kai, su ne ƙololuwar aikin azurfa a Amurka, kuma farashinsu a kasuwa bai saɓa wa wannan ra'ayi ba.

Samuel Kirk ya buɗe shagonsa a Baltimore a 1815, kuma ya shahara da adon furanni da ake bugo su daga cikin jikin buta su taso waje, har su rufe ta daga murfi zuwa gindi. Sunan kamfanin da kansa shi ne kalandarsa. S. KIRK & SON yana nuna 1846 zuwa 1861, ko kuma 1868 zuwa 1896; S. KIRK & SONS yana nuna 'yan shekarun da ke tsakani, wato 1861 zuwa 1868; ƙarin CO. yana nuna 1896 zuwa 1924, INC. kuma daga 1924. A tsofaffin kayansa za a ga 11 OZ, ma'ana kashi 11 cikin 12 azurfa ce, wato kimanin 917 cikin 1000. Ba duk buta mai irin wannan ado ba ce ta Kirk, domin kamfanin Stieff, wanda aka kafa a birnin a 1892, da wasu maƙeran Baltimore sun yi irinsa, har kamfanonin biyu suka haɗe a 1979.

Reed & Barton na garin Taunton a jihar Massachusetts ya daɗe yana yin kaya masu ruwan azurfa kafin ya fara ƙera azurfa ta gaske a 1889, saboda haka sunansa kaɗai ba hujja ba ce. Tambarin azurfarsa gaggafa ce da harafin R da zaki, tare da kalmar STERLING, kuma daga 1928 zuwa 1957 ya buga alamar shekara. Salonsa da aka fi nema shi ne Francis I na 1907, mai adon 'ya'yan itatuwa. Haka abin yake ga International Silver Company na Meriden a jihar Connecticut, wanda aka kafa a 1898 ta hanyar haɗe kamfanoni da dama: yawancin abin da ke ɗauke da sunansa, ko sunan Rogers, mai ruwan azurfa ne, sai fa inda aka rubuta STERLING ƙarara.

Sauran sunaye masu mutunci sun haɗa da Whiting, da Dominick & Haff, da Wallace, da Towle, da Shreve & Co. na San Francisco, da ƙananan shagunan aikin hannu irin su Kalo na Chicago da na Arthur Stone. Idan aka ga sunaye biyu a gindi ɗaya, galibi ɗaya na maƙeri ne ɗaya na shagon da ya sayar, kamar Ball, Black & Co. na New York, wanda ya riƙa buga sunansa a kan kayan da wasu suka ƙera masa.

Mataki na huɗu: a gwada ko 'yan gida ɗaya ne

A jera dukkan kayan a kife, a rubuta tambarin kowanne a takarda. Maƙeri ya zama ɗaya, lambar zane ta zama ɗaya ko lambobi masu bin juna, alamar shekara kuma ta zama ɗaya ko kusa da juna. Tazarar shekara ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ce, domin kaya kan daɗe a shago, kuma iyalai kan sayi butar ruwan zafi daga baya. Tazarar shekara 20 kuwa tana nuna an cike gurbi ne. Sannan a miƙar da su a kwatanta kan murfi da kan murfi, ƙafa da ƙafa, da layin adon da ya zagaye gindi. Harufan sunan mai kaya da aka zana a jiki su ma shaida ce: idan huɗu suna da harufa iri ɗaya na biyar ba shi da su, shi ne baƙo. Saitin da aka harhaɗa yana da amfaninsa a tebur, sai dai farashinsa ya kamata ya sauka.

A kuma duba ko siffar ta dace da shekarar da tambari ya nuna. Kayan wajen 1800 sirara ne masu kama da tulu mai ƙafa, da ɗan zane mara zurfi. Na 1820 zuwa 1830 sun fi kauri da faɗi. Na 1850 cike suke da furanni da lanƙwasa. Na 1860 sukan ɗauki hoton kan mutum cikin da'ira irin na tsohuwar Girka. Bayan 1900 kuma aka koma kwaikwayon siffofi marasa ado na zamanin Paul Revere, maƙerin azurfa na birnin Boston a ƙarni na 18. Wannan kwaikwayo ne ke sa buta ta 1925 ta yi kama da ta 1790, kuma kalmar STERLING a gindinta ita ce ke tona ta.

Mataki na biyar: a binciki lafiyar jiki

A haska tocila cikin kowace buta a nemi faci ko liƙi. Gyaran da aka yi da darma yakan bayyana a matsayin dunƙule mai launin toka, kuma shi ne mafi muni, domin darma tana cin azurfa idan aka sake ɗora mata wuta. Wuraren da aka fi samunsa su ne gindin bakin buta, da inda mariƙi ya haɗu da jiki, da mahaɗin murfi. A buɗe murfi a rufe, a ga ko yana zama daidai ba tare da girgiɗi ba, a kuma ajiye butar a kan tebur mai santsi a ga ko ƙafafunta duka suna taɓa ƙasa.

Masu sayarwa da yawa suna goge harufan sunan tsohon mai kaya domin su yi saurin shiga, kuma gogewar tana cin ƙarfe. A shafa tsakiyar jikin buta ta waje da babban yatsa, a ɗan danna a hankali. Idan wurin ya lotsa ko ya fi sauran sheƙi, an goge wani abu a nan. A hura masa numfashi, sau da yawa inuwar tsohon zanen kan bayyana a cikin tururin. Ni na fi son buta da harufanta na asali a kan wadda aka sirantar domin a ɓoye su, kuma masu tara kayan da da yawa haka suke gani. Tambarin da ya shafe rabi da furannin da suka rasa kaifinsu alama ce ta cewa an sha goge kayan da inji.

A mariƙin butar gahawa da ta shayi akwai ƙananan zobba biyu da ke hana zafi isa hannu. A tsofaffin kaya galibi na hauren giwa ne, wasu na ƙashi ko katako, na baya-bayan nan kuma na roba. A jijjiga mariƙin a ji ko yana motsi. Wanda zai fitar da kayan daga Amurka ya san cewa cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, kuma Amurka ta ƙara tsananta dokokinta a 2016, don haka wannan ɗan zobe kan iya tsayar da saiti guda a hannun kwastan. A warware wannan magana da mai sayarwa kafin a biya kuɗi.

Mataki na shida: a auna, a yi lissafi

Ana cinikin azurfa da oza ta musamman mai giram 31.1, ba ozar kicin mai giram 28.35 ba, kuma wasu masu talla suna amfani da ta biyun domin lambar ta kumbura. Misali, idan saiti ya auna giram 3,000 ban da tire, a ninka da 0.925, a sami giram 2,775 na azurfa zalla, a raba da 31.1, a sami oza 89 da ɗoriya. A ninka wannan da farashin azurfa na ranar, shi ne ƙasan darajar kayan, wato abin da mai narkawa zai yi lissafi da shi. Saitin kamfani marar ado na ƙarni na 20 yakan tsaya kusa da wannan adadi. Abin da ke ɗaga farashi sama da shi shi ne sunan maƙeri, da tsufa, da yawan aikin hannu, da cikar saitin, da takardar da ke nuna gidan da ya fito.

Bayan an saya

A wanke da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, ba tare da an jiƙa mariƙin cikin ruwa ba, a tsane nan take da auduga. Idan ya yi duhu a yi amfani da man goge azurfa kaɗan a kan ƙyalle. Toka da yashi da soson ƙarfe, waɗanda ake sa wa tukunya, ba su da hurumi a nan, haka ma ruwan magani da ake tsoma azurfa a ciki ta fito fara fat, domin yana cire duhun da ke cikin lungunan ado, wanda shi ne ke fito da furannin Kirk da ganyayen Tiffany. Abin da ke baƙanta azurfa shi ne farar wuta da ke cikin iska da wasu kayayyaki, don haka a nisanta ta da robar ɗauri, da ulu, da jarida, a naɗe kowane yanki daban cikin ƙyallen auduga mai tsabta, a ajiye a wuri marar danshi. Kafin a zuba gahawa a karon farko, a cika butar da ruwan zafi a bar ta kamar minti 10 a kan busasshen ƙyalle, domin ɗumama ta da kuma ganin ko tana yoyo ta gindin baki, sannan a goge cikin bakin da siririn buroshi.